Ki Ɗora Tukunya a Wuta

Litinin, 2 ga Satumba, 2024

An mayar da ƙanena Yahuza aiki Kudan. Ƙarshen wata zai kwashe matarsa Bilki da yara daga Ikara, ya ce har da Inna. "Yaya, in na bar ta wa zai dafa mata? Ke?" Ba da mugunta ya faɗa ba. Shekara goma sha ɗaya matarsa ke ciyar da mu, kafin nan kuma Inna ce. Shekarata arba'in da ɗaya, ban taɓa ɗora tukunya ba. Aurena ma a kan haka ya mutu.

Inna ta ce daga gidan nan sai maƙabarta. Na ce ya ba ni wata guda. Ban san wanda ya ari bakina ba.

Alhamis, 5 ga Satumba

Mukarrama ta ofis ta kawo mini littattafan girki uku in zaɓa. Na Turancin tanda yake nema da sikeli, na ajiye shi. Na biyu duk cincin da kek. Na ɗauki na Hausa mai jan bango, saboda akwai fate a ciki, kuma haƙoran Inna sun ƙare.

Na karanta shi sau biyu da biro a hannu. "Gishiri daidai misali." Misalin wa? Kuma kowane girki da magana ɗaya yake farawa: ki ɗora tukunya a wuta. A wurinsu nan ne farko. A wurina nan ne duka aikin.

Asabar, 7 ga Satumba

Bari in rubuta sau ɗaya. Ina da shekara tara. Inna ta ɗora ruwan tuwo a murhu ta shiga alwala, ta ce in duba ƙanwata Farida. Na juya ina wasan 'yar cafke. Tukunyar ta kife. Farida shekararta biyu, ta kwana uku a asibiti ta rasu.

Tun daga ranar, in na doshi madafi sai Inna ta ce, "Ke, fita." Ban taɓa tambayar dalili ba. Na san dalili.

Laraba, 11 ga Satumba

Kasuwar Makarfi, da takardata: gas mai kai ɗaya, tukunya biyu, muciya, ludayi, rariya, wuƙa. Bilki ta ce in bar risho, hayaƙi yake sa Inna tari.

Na ɓata wa mai tukwane, wani Malam Usmanu, kusan awa. Kowace sai na ajiye ta a ƙasa na tura da yatsa in ga ko za ta girgiɗa. Ya ce, "Hajiya, tukunya za ki saya ko kokawa za ku yi?" Na ce mai faɗin gindi nake so, mai hannu biyu. Ya ɗauko wata ta dalma. Girman waccan da ta kife ce sak. Na ce ƙarama. "Wannan ai ta gwauro ce." Na ce ita nake so.

Alhamis, 12 ga Satumba

Kayan suna bayan ƙofa a leda. Ban kwance ba.

Lahadi, 15 ga Satumba

Bilki ta kunna mini gas, na sa ta kore yara ta rufe zaure. Ruwa kawai na ɗora. Da murfin ya fara kaɗawa sai na ji muryar Farida. Ba kukan ranar ba, wanda ta yi daga baya, ƙasa-ƙasa. Na sami kaina a tsakar gida ba takalmi. Bilki ta kashe, ta miƙo mini takalmina. Gara ta yi dariya.

Juma'a, 20 ga Satumba

Kwana biyar ina tafasa ruwa, ba murfi. Jiya minti huɗu na tsaya, yau bakwai. Yahuza ya fara tambayar Inna kayan da za ta ɗauka.

Talata, 24 ga Satumba

Na zuba tsaki bayan la'asar, littafi a buɗe da dutse a kansa, sai na ji sandar Inna a bayana. Na jira kalmar. Har na fara goge hannu zan fita.

Ta daɗe tana kallon gas ɗin. Ta ce, "Wannan ba ya girgiɗi?" Na ce a'a. Ta ce, "Murhuna yana yi. Dutse ɗaya ya tsage tun damina, nakan tokare shi da katanga. Kullum in ce gobe zan sake. Ranar ban tokare ba."

Na ce Inna, ni na juya baya.

"Ke yarinya ce. Ni na ɗora."

Na ce to me ya sa kike korata?

Ta dube ni kamar na yi wani yare. "Ɗaya ta tafi. In bar ɗayar kusa da wuta?"

Shekara talatin da biyu. Faten ya kama ƙasa, ba wadda ta lura sai da ƙauri ya kai ɗakin Bilki.

Lahadi, 29 ga Satumba

Na yi faten tsaki da yakuwa, na zuba wa Yahuza ban faɗi wadda ta yi ba. Ya ci rabi ya ce, "Bilki, yau lafiya? Gishirin gidan kika juye?" Inna ta ce, "Ajiye in ba ka ci. Abincina ne, haka nake son shi." Ya dube ta, ya dube ni, ya cinye. Da zai tashi ya ce wa Bilki ta sauke akwatin Inna daga cikin kaya.

Alhamis, 3 ga Oktoba

Sun tafi ran Litinin. Gidan ya yi girma.

Inna ta sa na kawo mata kujera bakin madafi. Gyara kawai take yi, wai littafin ƙarya yake, ba a zuba yakuwa da wuri. Yau fate ya fantsamo mini a wuyan hannu, har ya tashi. Na tsaya ina kallon wurin. Ta kama hannun ta tsoma a ruwa, sannan ta ce, "Juya, zai kama." Na juya.

Ban ce wani abu ya sauya ba. Ƙuna ce ƙarama.

Ta ce gobe dambu take so. Na ce ba ya cikin littafin. Ta ce ita ma ta manta yadda ake yi, sai mu ɓata shi tare.