Mama ta yi wa alkamata feshi

Kafanchan, Talata da dare

Na dawo daga lakca na tarar Mama ta feshe alkamar gwajina, bokiti bayan bokiti, da maganin da take fesa wa cittarta. Ni da na shafa wa ganyen cutar tsatsa da gangan, don in ga waɗanda suka gaji juriya daga iri biyun da na haɗa! Yanzu ta yaya zan bambance mai juriya da wadda magani ya ceta?

Na ɗaga murya. Ta ce, "Haba Saratu, a gidana shuka za ta yi ciwo ina kallo?"

Nan na tuna abin da ya same ta. Bara tana kallo cuta ta cinye mata gonar citta.

Sauran irin yana nan cikin kwalba. Gobe zan sake shukawa, kuma wannan karon Mama da hannunta za ta shafa tsatsar, don ta gane dalilin gwajin.