Gadoji Biyu da Ba a Taɓa Ginawa Ba

Daga: Jagoran Ƙungiyar Masu Keke ta 'Yan Fansho,
Gida na uku bayan tankin ruwa,
Layin Masu Faci.

Litinin, 6 ga Nuwamba, 2023.

Zuwa ga: Mai girma Darakta,
Sashen Hanyoyi da Magudanan Ruwa.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ƘORAFI KAN TASWIRAR HANYOYIN KEKE BUGUN FARKO, DA NEMAN A WANKE NI A GABAN 'YATA

Bayan gaisuwa da girmamawa da fatan Allah ya ƙara wa Darakta lafiya da basira, ina neman izinin gabatar da kokena. Ni tsohon malamin labarin ƙasa ne. Shekara talatin da ɗaya na yi ina koya wa 'ya'yan mutane karanta taswira, har sunana na yanka ya ɓace, kowa Malam Taswira yake ce mini. Tun da na ajiye aiki nake jagorantar tsofaffi goma sha ɗaya, duk Asabar mu bi gefen babbar magudanar ruwa a kan kekunanmu har inda ta haɗu da kogi, mu dawo. A yau kekena yana ɗaure da kwaɗo biyu a ɗakin ajiya, makullan suna cikin jakar 'yata, kuma ofishin mai girma Darakta ne sanadi. Ga yadda abin ya faru:

1. A ranar Litinin, 4 ga Satumba, sashenku ya fitar da taswirar hanyoyin keke, mai launi, a takarda mai sheƙi. Ni ne mutum na farko da ya karɓa, tun kafin akawu ya gama cire hular kwano. A kilomita ta goma sha huɗu ta hanyar magudana, taswirar ta nuna gadoji biyu, an rubuta musu Babbar Gada da Ƙaramar Gada, a ƙasa kuma an sa bayani cewa suna da ƙarfi, kuma an fi samunsu safe da yamma. Na ɗauka ana nufin lokacin da ake buɗe su. Na yi murna ƙwarai, domin shekara shida muna zagayen kilomita tara kafin mu tsallaka zuwa gefen da yake da inuwa.

2. A ranar Asabar, 14 ga Oktoba, da misalin ƙarfe bakwai da rabi na safe, na ja ƙungiya zuwa Babbar Gada. Darakta ya san ƙasarmu shimfiɗe take kamar faranti, mutum yana hango baƙonsa tun yana nesa har ya sa a ɗora masa ruwan shayi. Amma a daidai wurin nan hanya ta sha kwana a bayan dogayen ciyayin bakin ruwa, kuma akwai ɗan tudun ƙasa da aka tara lokacin yasa. Shi ne kaɗai hawan da muke da shi a duk yankin, don haka na miƙe tsaye a kan feda, na kaɗa ƙararrawa sau biyu, na shaida wa na baya cewa su biyo ni su ga aikin gwamnati. Da na hau tudun ban tarar da gada ba, babba ko ƙarama. Na tarar da ruwa da agwagi huɗu. Na matse birki, birki ya yi iya ƙoƙarinsa.

Tun da ranar wanka ba a ɓoyon cibi, zan faɗa wa Darakta cewa na shiga har wuya, keke yana bisa kaina, kuma tsofaffi uku ne suka jawo ni da igiyar ɗaure kaya. Batun cewa tabarau nawa yana aljihu a lokacin bai shafi wannan ƙorafi ba, domin ko da tabarau goma mutum ba zai ga gadar da ba a gina ba.

3. Taswirar tana aljihun ƙirjina lokacin da na nitse. Da aka fito da ni ta zama kunu. Ita ce kaɗai kwafin da ƙungiya take da shi, kuma na amsa laifina cewa ban taɓa barin kowa ya riƙe ta ba, saboda tsofaffin nan ba su iya naɗe taswira ba, sai su cukuikuye ta kamar takardar ƙunshin gyaɗa. Sakamakon haka ba ni da shaida ko ɗaya. Mataimakina, wani tsohon tela da muke kira Allura, wanda ya daɗe yana hangen kujerata, abin nema ya samu. Yana bin gidajen 'yan ƙungiya yana cewa shi dai bai taɓa ganin gada a takarda ba, gadar a cikin kan Malam take, kuma yana faɗin haka ne da fuskar tausayi, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

4. A ranar Litinin, 16 ga Oktoba, na zo ofishinku a ƙafa, da mura, na kai rahoto da baki ga akawun teburin farko. Ya saurare ni yana danna waya, ya ce in dawo Alhamis. Na dawo ranar Alhamis, 19 ga wata, ya ce mai riƙe da fayil ya tafi taro. Na dawo ranar Talata, 24 ga wata, sai ya tarbe ni da fara'ar da ban saba gani ba, ya ba ni kujera, ya miƙo mini sabuwar taswira. Kilomita ta goma sha huɗu fes take, babu gada, babu bayani. A jikinta kuma an rubuta Bugu na Farko, kamar yadda aka rubuta a waccan. Na tambaye shi ina tsohuwar, ya ce wace tsohuwa. Na ce mai gadoji biyu, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce Baba ko dai a samo maka ruwa mai sanyi.

Ina roƙon Darakta ya lura cewa an gyara kuskuren cikin kwana takwas. A iya sanina wannan shi ne aiki mafi sauri da sashenku ya taɓa yi, kuma da an yi shi a fili da ni ne na farkon yabawa.

5. Tun da ruwa ba ya tsami banza, a ranar Asabar, 28 ga Oktoba, na hau motar kasuwa na sauka a ƙofar ruwa ta uku, wadda take kusa da inda na faɗa. Mai kula da ita dattijo ne mai gaskiya, kuma kafin ya samu wannan aiki maharbi ne. Ya shaida mini cewa babu wani jami'i da ya taɓa taka wurin da ƙafarsa. Takardar tambayoyi aka aiko masa a watan Yuni, ya cika da hannunsa, kuma yana tune da ita sarai. Tambaya ta bakwai ta ce: "Akwai gada a yankinka?" Ya rubuta akwai. "Guda nawa?" Ya rubuta biyu, babba da ƙarama. "Wane hali suke ciki?" Ya rubuta lafiya lau, da ƙarfinsu, an fi samunsu safe da yamma. Ya ce har ya ji daɗi a ransa da gwamnati ta fara tambayar lafiyar namun daji.

Ranka ya daɗe, gadar da mutumin nan yake nufi mai ƙafa huɗu ce, uwa da 'yarta, suna fitowa daga ciyayi su sha ruwa. Ya kai ni na ga sawunsu. Da wani daga ofishinku ya je ya buɗe baki ya yi tambayar, da muryarsa kaɗai ta raba gardama, domin ko yaron goye ya san ba ɗaya ake furta gadar da ake tsallakawa da gadar da ake farauta ba. A takarda ne kawai suke sa riga iri ɗaya. Ban ga laifin dattijon ba, an tambaye shi ya ba da amsa. Laifin wanda ya zauna ƙarƙashin fanka ya zana wa dabba ginshiƙai ne.

6. Wannan shi ne babban abin da ya sa na ɗauki alƙalami. 'Yata ma'aikaciyar jinya ce, ita take kula da ni tun rasuwar mahaifiyarta. Ranar da aka kawo ni gida jiƙe ta ɗaure keken, ta ce sai ta bincika. Ta je ofishinku da kanta, aka ba ta sabuwar taswira, ta shimfiɗa mini a tebur ta ce Baba nuna mini gadar. Na bi kilomita ta goma sha huɗu da yatsa, babu gada. Da na dawo daga ƙofar ruwa cike da murna, na ce mata na gano gaskiya, ashe gadar dabba ce. Ta taɓa goshina da bayan hannu, ta tambaye ni yau wace rana ce, ta tambaye ni sunayen jikokina. Na ce ta zo mu je ta ji daga bakin dattijon, ta ce ba da labarin maharba ake duba marar lafiya ba. Ta kuma yanke cewa ranar Asabar, 25 ga Nuwamba, ranar doguwar tafiyarmu ta shekara, za ta mallaka wa mijinta keken. Surukin nawa mutumin kirki ne, amma mutum ne da yake zuba wa kaca man girki.

Na jure dariyar Allura, na jure murar, na jure tafiya a ƙafa a gaban masu faci da suke gaishe ni da tambayar ya ruwa. Abin da na kasa jurewa shi ne shekaranjiya da hantsi, na ji ta a kicin tana waya da ƙaninta, ta rage murya tana cewa Baba fa ya fara. Ta fito idonta jajir ta ce albasa ce. Ba a yanka albasa a gidan ba ranar. Yarinyar nan tana kukan rashin uba alhali ina zaune a falo da hankalina garau, kuma ba ni da abin da zan nuna mata.

Saboda haka, cikin ladabi da ƙanƙan da kai, ina roƙon mai girma Darakta:

(a) Ya sa a binciko takardar tambayoyin ƙofar ruwa ta uku, da kwafi ɗaya na taswirar 4 ga Satumba, in dai ba a riga an kunna wuta da su ba.

(b) Ya sa a kafa allon gargaɗi a kan tudun, domin ba ni kaɗai na karɓi waccan taswira ba, kuma ba kowa ne yake yawo da abokai masu igiya ba.

(c) Kada a taɓa aikin dattijon ƙofar ruwa. A duk wannan lamari shi kaɗai ne ya faɗi abin da idonsa ya gani.

(d) Ya rubuta takarda mai ɗauke da hatimi da sa hannunsa, kafin 25 ga Nuwamba, wadda za ta ce sashensa ya taɓa buga taswira mai gadoji biyu a kilomita ta goma sha huɗu. Ba na neman diyya, ba na neman a kori kowa, ba na ma neman a ce mini yi haƙuri. Layi biyu sun isa. Ina roƙon kada a aiko ta da sunana, domin duk abin da ya biyo ta hannuna yanzu ana karɓarsa ne da lallashi. A aika wa 'yata kai tsaye a asibitin da take aiki. In an ga batun keken bai kai a dami Darakta ba, to a bar keken, a rubuta mata kawai cewa abin da ubanta ya ce ya gani, ya gani.

Allah ya ja zamanin Darakta, ya tsare shi daga taswirar da ba a taka ba.

Naka mai biyayya a koyaushe,

(sa hannu)
Malam Taswira,
Jagoran Ƙungiyar Masu Keke ta 'Yan Fansho.