Kaluluwar Baba da Labarin Rediyo

Gwaggo Hauwa'u, don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure.

Ina aure a Kalgo. Mahaifina, Malam Bawa, manomi ne a Dodoru, ƙasar Gwandu. Bara wani baƙin tabo ya fito masa a tafin ƙafa, muka ɗauka sartse ne. Da ya ƙi warkewa aka kai shi asibiti Sakkwato, suka ce ciwon dajin fata ne, suka yanke wurin. Irinsa ya kashe wansa Umaru, shi nasa har huhu ya kai. Baba kuwa ya miƙe garau.

Kwanaki na ji a rediyo wai masana sun gano wasu ƙwayoyin gado a jikin mutum masu hana ciwon nan bazuwa. Da murnata na kai masa labari. Tun ranar ya ce ashe shi ɗan tauri ne, da masu gadinsa aka haife shi, Umaru ne bai samu ba. Yanzu kaluluwa ta fito masa a gefen ƙafar nan, ba zafi, kuma ta ƙi sauka. Gasa masa ake yi da tsumma, asibiti kuwa ya ce sai bayan girbin gero, in ma zai je. Uwa ɗaya uba ɗaya, yaya wani zai gada wani ya rasa? In yana da su, kaluluwar ta mece ce? Wallahi tsoro nake ji.

Mai Ruɗewa, Kalgo

'Yata, rediyo bai yi ƙarya ba, Baba ma ba wauta ya yi ba. Wanda ya binne wansa dole ya nemi abin riƙewa. Amma binciken nan yana ɗakin gwaji tukuna, babu likitan da ya auna Baba ya ce yana da tsari. Ƙwayoyin nan kowa na da su, har marigayi Umaru, sai dai ciwon kan kashe musu ƙarfi. Mai yiwuwa abin da ya raba Baba da wansa, shi Baba an yanke nasa da wuri.

Kaluluwa marar zafi a ƙafar da aka yi wa wannan aiki ba ta jiran girbi, sai likita ya duba ko ciwon ne ya dawo. A daina gashi, kada wanzami ya taɓa ta. Kada ki ja da shi, ke 'ya ce. Ki sa amininsa ya tuna masa ko gona mai shinge, mai ita yakan zagaya. Gero kuwa, mijinki ya kira gayya a yanke.

Rabin labari kika kai masa, ki koma makon nan ki ƙarasa. Allah Ya ba shi lafiya, Ya sa ku sha furar sabon geron nan tare.