Tulun Inna Saratu

Yaya Rifkatu,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Ya Jos, ya maigida da yara? Mu a Rurum lafiya lau.

Zumuntar matan cocinmu ta je gasar waƙa a Rano. Inna Saratu mai buga mana tulu ta tsufa, hannunta yana rawa. Ni da bakina na ce a bar ta gida don mu ci kofi. Matar fasto ta ce, "Ranar da kika kwanta ciwo, kofin ne zai zo gaishe ki?" Kunya ta rufe ni.

Da ita muka je, muka zo na ƙarshe, matan Kibiya suka ci kofin. A hanyar dawowa ta fi kowa waƙa.

Ki sa ni a addu'a, ki gai da kowa. Kofi yana Kibiya, Inna tana wurinmu.

Ƙanwarki,
Talatu