Rasuwar Malam Guduma da Tsagar da Ke Bangon Makaranta

Cikin alhini, da kuma fargabar da ba za mu iya ɓoyewa ba, Ƙungiyar Tsofaffin Ɗaliban Sashen Injiniyan Gine-gine ta samu labarin rasuwar malaminmu kuma uban ƙungiyarmu, tsohon Shugaban Sashe, mai girma Farfesa Injiniya, wanda babba da yaro a jami'a ba su san shi da wani suna ba sai Malam Guduma. Allah ya karɓi abinsa da safiyar Laraba a asibiti, bayan jinyar kwana huɗu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Shekara talatin da ɗaya marigayin ya yi yana koyarwa, kuma duk tsawon lokacin nan 'yar ƙaramar guduma ba ta rabu da aljihunsa ba, har ta huda masa riguna ba adadi, uwargidansa Hajiya ta gaji da faci. Da ita yake ƙwanƙwasa bango da ginshiƙi, ya kara kunne, ya ji ko cikin na da ƙwari ko kuwa holoƙo ne. Mun shigo jami'a muna mafarkin ofis mai sanyi da farar hular kwano, shi kuwa ya tasa ƙeyarmu cikin rana zuwa gidajen haya da kwalbatoci da rumfunan kasuwa. Kowane ɗalibin shekarar ƙarshe sai ya ɗauki ginin jama'a guda a unguwarsu, ya bi lafiyarsa shekara cur, kafin Malam ya yarda ya duba takardarsa. In ka kawo lissafi tsaf amma takalminka fes, ƙafarka zai duba, ya ce ka koma, ba ka je ba. Mun sha yi masa gunaguni a bayan ido, Allah ya yafe mana. Yau ga mu nan, wasu na duba gadoji, wasu na koyarwa, wasu kuma maƙwabta ne ke buga musu ƙofa da zarar bango ya tsage, domin sun san ɗalibin Malam ba ya cewa ba ruwansa.

Ba al'adar saƙon ta'aziyya ba ce a sako wata magana, amma wallahi yin shiru ya fi ƙarfinmu. Wata uku da suka wuce, shugabar makarantar firamaren nan mai bene da ke bayan tashar mota ta kira marigayin ya duba tsagar da ta fito a bangon matakala. Ya manna siraran gilasai biyar a gicciye kan tsagar, kowanne da kwanan wata a gefensa, yadda in bangon ya motsa gilashin zai fashe. Duk Asabar yakan je ya auna faɗin tsagar, ya rubuta a wani littafinsa mai koren bango. Bai kai ga rubuta rahoto ba ajali ya riske shi. Jiya mu uku muka je, muka tarar biyu daga cikin gilasan sun fashe. Litinin ta sama yara za su dawo daga hutu, kuma ɗari biyu da arba'in daga cikinsu a saman benen azuzuwansu suke.

Saboda haka, cikin jin nauyi da kunya, muna roƙon mahaifiyarmu Hajiya da babban ɗan marigayin su taimaka su duba mana littafin nan, ko a jakarsa, ko a aljihun motarsa, ko a teburin ɗakin karatunsa. Mun san ba lokacin binciken kaya ba ne, a gafarce mu. Sai dai idan babu awon da ya yi, ba za mu san ko a wata uku bangon ya buɗe haka ko a mako guda ba, kuma tsakanin biyun nan rayukan yara ne.

Akwai kuma abin da ya zama dole ni mai sa hannu a wannan takarda in faɗa da bakina. Shekara tara da suka wuce, ni na sa hannu a takardar amincewa da ƙarin benen nan. A ofis aka kawo min zanen, na duba, ya yi kyau, ban taka ƙafa na je ba. Malam ya ga sa hannuna, bai tona min asiri ba, sai dai ya aiko sau biyu in zo mu duba tare, ni kuwa ina ta cewa sai mako mai zuwa. Yau da safe na rubuta wa hukuma na janye amincewar. Muna roƙon iyaye, don girman Allah, kada kowa ya bar ɗansa ya hau matakalar nan sai mun auna mun sanar, ko da an buga ƙararrawa, ko da an ce ba komai.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga Hajiya, da 'ya'yansa shida, da jikoki, da abokan aikinsa. Allah ya jiƙan Malam, ya haskaka kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa, ya ba iyalinsa juriyar wannan babban rashi. Mu kuma da ya bari da wannan bango, Allah ya sa mu shawo kansa kafin ya faɗi.

Sa hannu:
Injiniya, wanda Malam ke kira Sarkin Gaggawa
Kakakin Ƙungiyar Tsofaffin Ɗaliban Sashen Injiniyan Gine-gine