Awa Ukun da Tikiti Ya Ɓoye

Zuwa ga Babana,

Gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri. Ya ƙafar taka, ya jikin Inna? Ni ƙalau nake, sai ƙarnin kifi da ya zame min turare.

Baba, na taro abin da zai iya raba ni da aikina a gidan kiwon kifin ado. Jibi za mu kai manyan kifayen maigidanmu goma sha biyu gasa wani birni ta jirgin sama. Shekara bakwai yana rainonsu. A leda ake sa su, a hura musu iska daidai awannin tafiya, a ɗaure. In iskar ta ƙare a hanya, shi ke nan.

Maigida ya duba tikiti: tashi ƙarfe tara na safe, sauka sha ɗaya da rabi. Ya ce awa biyu da rabi ne, a zuba kifi uku-uku a kowace leda. Ni kuwa ƴar direba ce, nisa na fara dubawa. Kilomita dubu huɗu da ɗari huɗu! Haba, ko aljani ne matuƙin. Ashe agogon can yana bayan namu da awa uku, tikitin kuma agogon kowane gari yake bi. Awa biyar da rabi ne cur.

Kuskurena, a gaban ma'aikata na faɗa. Maigida ya ce ni mai wankin tankin kifi ce zan koya masa karatun tikiti? Da ƙyar ya bari na ɗaure manyan ɗaya-ɗaya, na ninka iska. Shi kuma ya ɗaure leda guda ta ƙananan kifi bisa lissafinsa, ya ce in nasa suka isa lafiya in nemi wani aikin. A sa ni a addu'a.

Taka,
Auta

Babana abin alfaharina,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ka zauna da kyau, ka kira Inna kusa!

Mun tashi. Sha ɗaya da rabi ta buga a agogon maigida, ya gyara riga, ya ɗauko jakarsa. Ya leƙa taga, ruwa ne iya ganinka. Aka kawo abinci bai taɓa ba, ni kuwa na cinye nawa tas, har da burodinsa. Ɗaya ta wuce, biyu ta wuce, bawan Allah sai share gumi yake, sanyin jirgin nan bai hana ba.

A ɗakin karɓar kaya ni na yanke igiyar kwalin kifin. Ledarsa na fara cirowa, duk sun juya ciki sama, sun ba ni tausayi. Sai manyan. Baba, goma sha biyun nan suna kaɗa wutsiya, ko gezau! Na yi guɗa ban sani ba, har jami'in kwastan ya saki biro. Mai jan goshi daga cikinsu ce ta zo ta ɗaya a gasar.

Maigida dai bai ce ya yi kuskure ba, ka san manya. Amma a gaban alƙalan gasa ya nuna ni ya ce ga shugabar ɗaurin kayansa. Da muka fito ya ciro agogonsa, ya miƙo min da hannu biyu, wai in taimaka in saita masa.

Ka gaida Inna da Yaya, Allah ya bar mana ku.

Taka har kullum,
Auta