Na Koya Wa Matata Taƙaita Zance

Malam, don Allah ka agaza mini, gidana ya yi tsit kamar ɗakin jarrabawa.

Ni malamin jami'a ne, ina koya wa masu koyon Turanci yadda ake sauraron lacca. Kowa na zaune a ɗan akurkinsa da na'ura a kunne, in kunna musu muryar wani farfesa, in wuni ina kallon ƙeyarsu. Kullum ina nanata musu su tsinci ƙwayar magana su zubar da ƙaiƙayi.

To, sai halin ya biyo ni gida. Maiɗakina gwanar labari ce. In za ta ce tela ya ɓata mata riga, daga ciwon ƙafar surukar telan za ta faro. Na sha katse ta in ce ta ba ni ƙwayar. Rannan har na ce daƙiƙin ajina ya fi ta tsara zance. Ta kuwa ɗauki darasi. Yanzu daga "abinci na kan tebur" sai "a dawo lafiya". Ina jiyo dariyarta tana waya da ƙanwarta, da na shigo ta kashe. Yara sun girma sun watse. Shekaranjiya laccar farfesan na kunna a falo, don dai in ji mutum na dogon zance.

Malamin Kunne

Malamin Kunne, barka da arziki. Ka samu ɗaliba guda da ta haddace karatunka, ga shi kana kuka.

A aji kana da gaskiya, ɗalibin da ke rubuta har tarin farfesa faɗuwa zai yi. Kuma kunne ma yana gajiya. Maiɗakinka ma da ta fito ta ce ka ɓata mata rai, da ya fi wannan horon. Amma lacca daban, hira daban. Littattafan da na fi ƙauna rabinsu ratse ne. Ba labarin riga take ba ka ba, wuninta take miƙo maka, kai kuma kana sheƙe shi.

Ka ba ta haƙuri kan maganar daƙiƙin nan, a taƙaice, tunda ka ƙware. Sannan ka tambaye ta ko ƙafar surukar tela ta warke, ka kama bakinka. In ta ce "ta warke" ta tashi, kada ka yi zuciya, gobe ka sake gwadawa. Ranar da ta gyara zama ta faro daga nesa, an yafe maka ke nan.

Allah ya maido da surutu gidanka.